Ranar da Na Hau da Kakana Dutsen da Ba Shi Ba

Ni mutum ne mai saurin mantuwa, lambar wayata ma sai na duba nake faɗa wa mutane. Amma akwai wata Laraba guda da ba za ta taɓa fita daga kaina ba, ko da na so ta fita mutanen garinmu ba za su bari ba. Ita ce ranar da kakana ya ce in kai shi ya ga dutsen Dala.

Lokacin ina shekara ta uku a Kano. Makaranta a aji biyu na sakandare na ajiye ta, ba korata aka yi ba, zama ne ba na iyawa. Na taɓa ɗinki wata huɗu, na taɓa gyaran babur, na taɓa cajin waya a bakin tasha, kowanne sai in ji kamar an zuba min ƙaya a kujerar. Daga ƙarshe na faɗa wani kamfanin roba a Sharaɗa, inda ake buga bokitai da butoci. Aikina in tsaya gaban inji, ya tofo buta da zafinta, in share mata gefe da wuƙa, in cilla a buhu. Haka tun safe har a canza shif.

In za a faɗi gaskiya, Kanon da na sani a lokacin ba ta wuce ɗakin da muke haya mu huɗu ba, da get ɗin kamfani, da teburin mai shayi, da gidan kallon ƙwallo. Sai ɗan abin da nake hangowa daga bayan mota idan an ce in raka direba kai kaya Bompai ko Dakata ko Dawanau. Amma idan na je gida da Sallah, can wani ƙauye a Jigawa, sai in maƙala baƙin gilashi in zauna a majalisa in fara zuba. Babu lungun da ban shiga ba, babu kasuwar da ba a san ni ba. Har suka sa min suna Bakano, ni kuma nake amsawa da ƙarfi.

Kakan nan nawa mahaifin mahaifiyata ne, manomi, dogo, bakinsa ba ya hutawa. Tun ina ƙarami muke wasan jika da kaka. Yana ce min abokina, ina ce masa Tsoho, kullum cikin zargina yake wai ina zagayawa zan ƙwace masa matarsa, wato kakata. Da idonsa ya fara damunsa, yana tafiya yana cin karo da turmi da ƙofa, sai aka ce a turo shi wajen Bakano ya kai shi asibitin ido. Na roƙi wani abokin aikina ya riƙe min injina na kwana ɗaya, Tsoho ya iso ranar Talata da yamma ya kwana a ɗakinmu, Laraba da sassafe muka tafi.

Mun daɗe a layi kafin mu shiga. Likitan ya haska, ya ɗiga magani, ya sake haskawa, sannan ya ajiye fitilarsa ya yi magana a hankali. Ya ce hawan jinin ido ne, kuma ya ci nisa. Idon hagu ya riga ya tafi. Na dama saura kaɗan a tsakiya, kamar mai leƙe ta cikin bututu. Maganin da zai rubuta zai ɗan ja lokaci, amma abin da ya tafi ba zai dawo ba, kuma sauran ma ba a san iya kwanan da zai yi ba.

Tsoho ya ce, "To, likita, Allah ya saka da alheri." Kamar an ce masa ga ruwa ya sha.

Da muka fito sai ya zauna a kan wani dakali. Can ya ce, "Abokina, motar ƙarshe ta garinmu ƙarfe nawa take tashi a tashar 'Yankaba?"

Na ce, "Wajen biyar."

Ya ce, "To da sauran rana. Dala za ka kai ni."

Sai ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Mahaifinsa ɗan fatauci ne, da jakuna yake shigowa Kano, kuma duk dawowar da zai yi sai ya ba su labarin yadda ya hau Dala ya ga gari gaba ɗaya a ƙarƙashin ƙafarsa, da ganuwa da ƙofofi. Shi Tsoho tun yana yaro yake cewa wata rana zai taka inda ubansa ya taka. Noma ya riƙe shi, iyali suka riƙe shi, shekaru suka wuce. Ya ce, "Yanzu kuma ka ji abin da mai fitilar nan ya ce. In ban gani yau ba, ban san ranar gani ba." Kwana na biyu kuwa babu shi a lissafi, don ya bar kakata ita kaɗai da dabbobi, ya kuma yi mata alkawarin zai kwana a gida.

Ni ban taɓa zuwa Dala ba. Ko gindinta ban taɓa tsayawa ba. Amma akwai wani dutse da nake gani duk ranar da motar kamfani ta bi da mu ta Kabuga za mu Dawanau, jan dutse babba a tsakiyar gidaje, kuma tun ranar farko na yanke wa kaina hukunci cewa ita ce Dala. Ban tambayi direba ba, don kada ya ce Bakano bai san Dala ba. To da wannan ilimin na bugi ƙirji na ce, "Dala? Tsoho, ai nan ne wajen shan iskata. Amma bari in fara nuna maka gari tukuna, ka ga abin da ake kira birni."

Wannan ita ce wautata ta farko. Mutum ya ce abu ɗaya yake so, ni kuma na ga dama ta samu in nuna masa ni wane ne.

Na tare adaidaita na ce ya hau da mu gadar sama ta Ƙofar Nassarawa. Muna sama ina ta bayani, motoci a ƙasa, motoci a sama, ina nuna dogayen gine-gine ina raɗa musu sunayen da na ga dama. Tsoho ya leƙa ya ce, "Madalla, an yi aiki. Dala fa?" Na ce saura kaɗan. Na kai shi bakin Kantin Kwari don ya ga atamfa da shadda jibge har rufi, cunkoso ya hana mu shiga, wani mai baro ya kusa kwashe masa sanda. Ya ce, "Na ga mutane. Dala fa?" Na ce akwai wuri ɗaya da in bai gani ba bai zo Kano ba.

Wani katafaren kanti ne mai sanyi, irin wanda ƙofarsa ta gilashi take buɗe kanta idan ka matso. Sau ɗaya na taɓa shiga, shi ma rakiya. Na tsayar da shi a bakin ƙofar na ce ya lura da kyau, na taka, ta buɗe, na ja baya, ta rufe, na sake takawa. Sai da mai gadi ya ce, "Malam, in shiga za ku yi ku shiga." Muka zaga ciki, ba mu sayi ko ruwan leda ba. Wajen fitowa ina gaba, na juyo ina yi masa bayanin yadda injin ƙofar yake gane mutum, na nufi gilashin da ba shi ne ƙofar ba. Goshina ya ba da wani sauti har masu lissafin kaya suka ɗago kai. Shi kuwa mai rabin ido ɗaya ya laluba da sandarsa ya fita ta ƙofar gaskiya, ya tsaya a waje yana jirana.

Ya ce, "Abokina, da mun sani da likitan nan mu biyu ya duba."

Kafin mu yi azahar mu ci gurasa, biyu ta wuce. Sannan ne na ga rana ta fara karkata, na ce to yanzu sai Dala. Abin da ya kamata in yi ba shi da wuya, in tare adaidaita in ce masa Dala za mu. Amma ina tsoron ya tambaye ni ta wace hanya ko ta wane gefe, in yi tsuru-tsuru a gaban Tsoho. Sai na bi hanyar da na sani. Muka hau ta Kabuga, a can muka canza wata. Direban yana kira, "Goron Dutse, Ƙofar Waika." Ni a sanina Goron Dutse sunan unguwa ne kawai. Shekara uku ina jin sunan, da dutse a cikinsa ƙuru-ƙuru, ban taɓa tambayar kaina ina dutsen yake ba.

Da na hango jan dutsena sai na taɓa kafaɗar direba na ce a nan za mu sauka.

Tsoho ya ce, "Mun iso?"

Na ce, "Ga ta nan a gabanka."

Ya ɗaga kai yana juya fuska a hankali har ya kamo ta da ɗan sauran idonsa. Ya gyara hula, ya yi bisimilla. Wallahi har yau idan na tuna yadda ya yi bisimillar nan sai kunya ta kama ni.

Muka kutsa ta wani lungu, muka kama wata 'yar hanya da ƙafa ta fitar. Ƙarshen damina ne, an yi ruwa kwana biyu kafin nan, jar ƙasar tana da santsi. Hannunsa ɗaya a kafaɗata, ɗaya a sanda. Ba mu yi nisa ba ya tsaya yana haki ya ce, "Ni fa an ce min yanzu an yi mata matakala."

Na ce, "Da akwai. Ruwan bana ne ya wanke su."

Ya ce, "Duka?"

Na ce, "Ai ruwan Kano ba irin na ƙauye ba ne."

Sau huɗu muna hutawa. A na ukun ya zauna a kan wani dutse yana murza gwiwa, gumi ya jiƙa masa riga, na ce ko mu koma. Ya ce, "In koma ka je ka gaya wa matata na gaza? Ɗaga ni." Na ɗaga shi. Ƙarshen hawan kusan jansa nake yi.

Da muka kai sama kuwa, ko ni sai da na tsaya kallo. Ban taɓa ganin Kano haka ba. Rufin kwano har iya ganinka, sabo da mai tsatsa, itatuwa kore shar a tsakani, hasumiyoyin masallatai, kududdufai suna ƙyalli, shirwa tana shawagi a ƙasa da mu. Amma kallon nawa bai daɗe ba. Na kama nuni. Can kasuwar Kurmi ce, can gidan sarki, wancan hayaƙin na kamfaninmu ne, in ka ƙura ido sosai ma za ka hango hanyar garinmu. Duk inda yatsana ya faɗa, nan ne wurin.

Akwai wani mutum zaune a gefe, zai yi shekara hamsin da wani abu, da takalmin gudu da gorar ruwa, irin masu hawa don motsa jiki. Tun da na fara yake kallona, ni kuma na ɗauka burge shi nake yi, na ƙara murya.

Tsoho ya saki kafaɗata ya tsaya da ƙafarsa. Ya ɗaga hannu biyu ya ce, "Allah ka jiƙan Baba. Yau ga ni a kan Dala, na taka inda ya taka." Ya shafa.

Mutumin nan ya yi kamar zai yi magana, ya fasa, ya sha ruwa, sannan dai ya taso. Ya durƙusa ya gaida Tsoho ya ce, "Baba, sannunku da hawa. Ku gafarce ni, na so in yi shiru amma na ga abin da muhimmanci a wajenku. Nan ba Dala ba ce. Nan Goron Dutse ne. Ga Dala can." Ya miƙa hannu wajen gabas.

Na juya. Ga wani dutse can zaune a tsakiyar gidaje, kansa a baje, yana kallona. Tun da muka hau yake wurin. Na ma nuna shi ɗazu na ce tarin ƙasar 'yan bulo ne.

Kun san abin da na ce? Maimakon in rufe bakina, sai na ce, "Eh, ai biyu ne. Wannan ita ce tsohuwar Dalar."

Mutumin ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Samari, a gindin dutsen nan aka yanke min cibiya."

Na duba waya, huɗu saura kwata. Na ce, "Tsoho, tashi mu tafi, za mu samu. In ya kama goya ka zan yi." Mutumin ya girgiza kai ya ce kafin mu sauka, mu shiga lungunan cikin gari, mu hau matakalar nan da dattijo, magariba ta kusa, balle a yi maganar 'Yankaba. Na ce to ya ƙara kwana, gobe in ƙi zuwa aiki, in sun ga dama su kore ni, ba yau na fara barin aiki ba.

Tsoho ya lallaba ya zauna. Ya taɓa gwiwarsa ta dama, ta riga ta kumbura. Ya ce, "Wannan ta gama aikinta na yau, ta ci na gobe da na jibi. Ko matata ba ta jirana, ba za ta sake hawa wani dutse a makon nan ba."

Na so ya zage ni. Da ya ɗaga sandar nan ya sauke min a baya da na ji daɗi. Sai kawai na ga kafaɗunsa suna rawa, ashe dariya yake yi, har da tari, har da hawaye. Ya ce, "Wajen shan iskarka. Ruwan Kano ba irin na ƙauye ba." Mutumin ma ya kasa daurewa ya juya baya.

Da ya lafa sai ya ce, "Zo nan, Bakano. Juya ni wajenta."

Na kama kafaɗunsa na juya shi. Ya kare rana da tafin hannu, yana motsa kai kaɗan-kaɗan, sama, ƙasa, gefe. An daɗe. Can ya ce, "Na ga wani abu ja, kansa kamar an yanke da wuƙa."

Mutumin ya ce, "Ita ce, Baba."

Tsoho bai ɗauke ido ba ya ce min, "To faɗa min sauran. Amma abin da idonka yake gani, ban da abin da bakinka yake so."

Na fara, muryata ƙasa-ƙasa. Na ce gidaje sun kewaye ta har jikinta, kamar za su hau. Na ce akwai mutane a kai, ƙanana, guda biyar ko shida, ɗaya da farar riga. Na ce bayanta akwai wata doguwar hasumiya. Ya ce ta wane masallaci ce. Na buɗe baki, sunaye uku suka zo min a lokaci ɗaya, na haɗiye su na ce, "Ban sani ba." Mutumin ya faɗa masa. Haka muka yi ta yi, ni ina faɗar abin da na gani, shi yana faɗar sunansa. Kurmi ashe tana can wani gefe daban da inda na ajiye ta. Hayaƙin kamfaninmu kuwa bola ce ake ƙonawa.

Tsoho ya daɗe yana kallo, har sai da idon ya fara ruwa. Sannan ya sauke hannu ya ce, "To. Baba ya hau ta ya ga gari. Ni na ga garin da ita a tsakiyarsa. Shi bai ga wannan ba, tunda a kanta yake tsaye." Na san don ni ya faɗa. Wannan ya fi sandar ciwo.

Mutumin ne ya taimaka min muka sauko da shi ta wata hanya mai sauƙi da ban san da ita ba, ya tare mana adaidaita ya gaya wa direba ta inda zai bi ya kauce wa cunkoso. Mun tarar da motar saura mutum ɗaya. Da Tsoho ya zauna sai ya leƙo ta taga ya ce, "Abokina, saƙo fa? In ce wa matata ka kai ni Dala, ko in faɗi gaskiya?" Na ce ya faɗi abin da ya ga dama. Ya faɗi gaskiya, da ƙari.

Na yi niyyar dawo da shi. Na ce bayan girbi, na ce bayan azumi, na bar kamfanin robar na koma wani na fata a Chalawa, na ce sai na zauna da gindina tukuna. Kafin damina ta zagayo ɗan sauran idon ya rufe. Da na je na ce masa ya shirya mu koma, ko a goye zan kai shi, sai ya ce, "In je in ga me? Ai sai ka kai ni kan jibgar gero ka ce min Dala ce."

Yana nan da ransa, bakin nan bai mutu ba. Duk baƙon da ya zauna kusa da shi sai ya ji labarin, kuma kullum ƙara masa gishiri yake yi. A garinmu yanzu babu mai ce min Bakano. Goron Dutse suke kirana, har yaran da aka haifa bayan abin, wasunsu ma sun ɗauka sunana ne na yanka. Ni kuma daga baya na je na hau Dalar ni kaɗai, da matakalarta lafiya lau, ruwa bai taɓa ko ɗaya ba.

Abin da ranar nan ta koya min bai wuce kalma uku ba: ban sani ba. Na ɗauka faɗarsu zai rage min daraja, sai na ɓoye su, kuma ba ni na biya ba, tsohon da ya yarda da ni ne ya biya da ganinsa na ƙarshe. Yanzu ko hanyar bayan gida aka tambaye ni, in ban tabbata ba sai in ce a tambayi na gaba. Da na iya hakan a bakin titin Kabuga, na ce wa mai adaidaita kawai ya kai mu Dala, da kakana ya taka inda ubansa ya taka.